Kundin da Gara Ta Ci

Ranar da aka ce in nemo kundin tsarin shekara biyar na jami'armu, sai da na kwana biyu ina cigiya. Sabon shugaba ya kama aiki, ya kafa kwamitin da zai rubuta sabon tsari, aka naɗa ni sakatare, ya ce a fara da duba abin da tsohon ya ƙunsa. A ofishin magatakarda aka ce in gwada laburare, a laburare aka ce in leƙa sito. Can na same su, kwali-kwali a ɗaure yadda maɗaba'a ta kawo su, takarda mai sheƙi, ga hoton ƙofar jami'a a bango. Gara ta cinye na ƙasa. Na zaro guda na kai wa shugabannin sassa uku, ina tambaya ko sun taɓa ganinsa. Ɗaya ya ce ya tuna an je otal bitar rubuta shi, har an raba musu jaka. Sauran biyun ba su san an yi ba.

Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, don na san abokan aikina na wasu jami'o'in za su ce ai tasu nake nufi. Na daɗe a sashen tsare-tsaren karatu, ofishin da ke ƙidayar ɗalibai da malamai, yake kuma haɗa takardun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ke nema kafin ta amince da kwas. Daga wannan kujerar nake magana.

Da na zauna na karanta kundin, ban ga ƙarya a ciki ba. Za mu shiga sahun manyan jami'o'in duniya, za mu buɗe tsangayar likitanci, za mu ninka bincike, za mu gina wa ɗalibai ɗakunan kwana. Wa zai ƙi? Amma babu inda aka rubuta nawa kowanne zai ci, babu sunan ofishin da za a tuhuma idan ba a yi ba, kuma babu ko abu ɗaya da aka ce za a dakatar domin a samu kuɗin wani. Addu'a ce aka buga da harafi mai kyau. Tsari kuwa zaɓi ne, kuma zaɓi ba ya yiwuwa sai wani ya ɓata rai. Taura biyu ba ta taunuwa, mu ga shi mun cika baki da guda ashirin.

Wanda ya rubuta tsari a 2019 bai san abin da ke tafe ba. Korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, tana yajin aiki tun daga wannan watan har Disamba. A 2022 aka sake wani, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A Afrilun 2024 kuɗin wutar masu rukunin Band A ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Wani zai ce to, tunda haka ne, ina amfanin tsari? Ni a ganina nan ne amfaninsa yake. Jami'ar da ta san abubuwa uku da ba za ta taɓa sakinsu ba, idan guguwa ta taso ta san abin da za ta rungume. Wadda ta ɗauki komai da muhimmanci ɗaya, wanda ya fi ɗaga murya a taro shi ke tafiya da ɗan kuɗin da ya rage.

Maganar kuɗi ce mutanen waje suka fi jahilta, har da wasu malamanmu. Jami'ar gwamnati aljihu uku gare ta, kuma ba a zuba na wannan cikin wancan. Albashi daga gwamnati yake fitowa. Gine-gine da tura malamai ƙaro karatu da tallafin bincike, mafi yawa daga asusun TETFund ne, wanda ake tarawa daga harajin ribar kamfanoni. Harajin kashi 2 cikin ɗari ne a dokar 2011, ya koma 2.5 a 2021, ya kai 3 a 2023. Sai aljihu na uku, na hidimar yau da gobe: wuta, ruwa, man janareta, shara, masu gadi, takardar jarrabawa, sinadaran ɗakin gwaji. Wannan shi ne maraya. Abin da gwamnati ke bayarwa dominsa ba ya kai ko'ina, saura sai daga kuɗin rajistar ɗalibai da ɗan abin da jami'a ta tatso da kanta.

Shi ya sa idan na ga ana yanka ƙyallen buɗe sabon gini, ana tafi, ni lissafi nake yi. TETFund ta gina, ta miƙa mabuɗi, ta tafi. Daga washegari ginin ya koma bashi: fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna shan wuta, ana buƙatar mai shara da mai gadi, bayan damina biyu rufi ya fara yoyo. Ban taɓa ganin takardar neman sabon gini da ta zo da lissafin abin da zai riƙa ci duk shekara ba, sai da muka mayar da hakan sharaɗi. Ko wutar sola haka take. A 2019 aka ƙaddamar da tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na samar wa jami'o'i wuta, kuma kowace jami'a tana fatan samun irinta. Sai dai batir yana da wa'adi. Duk jami'ar da aka kafa wa sola ba ta buɗe asusun canjin batir tun ranar farko ba, ta shirya komawa kan janareta.

Bayan kuɗi sai mutane, kuma nan lissafin firamare ya wadatar. Ƙa'idar NUC ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniyanci, ɗaya ga 10 a likitanci. A ce sashe a fannin zamantakewa yana ɗaukar ɗalibai 300 duk shekara a kwas mai shekara huɗu. Ɗalibai 1,200 ke nan, malamai 40 ake buƙata, kuma kashi 20 cikin ɗari nasu su kasance a matakin farfesa ko mai bi masa. Yanzu a shiga sashen a ƙirga kujerun da ke da mutane. Giɓin nan ne ke haifar da abin kunyar da kowa ya sani ba a faɗa: idan masu tantancewa za su zo, sai a aro malamai daga maƙwabta, a aro na'urori, a yi wa ƙofofi fenti, a manna sunaye. Na taɓa tsayawa ina kallon ana loda kayan aro a mota tun baƙin ba su kai tasha ba. An samu cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ɗalibai kuwa suka ci gaba da koyon gwaji a kan allo.

Takardar da ta fi kowace amfani a kwamitinmu ba ta da bango mai sheƙi. Jerin sunayen malamai ne da ranar haihuwar kowa. Farfesa yana ritaya a shekara 70, don haka tun yau ana iya sanin sashen da zai wayi gari babu farfesa ko ɗaya nan da shekara huɗu. Da muka jera, sai ga wani tsohon sashe da muke alfahari da shi, manyansa duka za su tafi kusan lokaci guda, na ƙasa da su kuma ba su kammala digiri na uku ba. Daga ɗaukar matashi mai digirin farko zuwa ya zama wanda zai duba ɗaliban digiri na uku, ana maganar shekara goma ko fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga masu ficewa ƙasashen waje, ga sababbin jami'o'i da ke ɗiba daga rijiya ɗaya. A 1999 aka ba jami'o'i masu zaman kansu uku na farko lasisi, yau sun fi rabin jami'o'in ƙasar yawa. Ko gwamnatin tarayya ta ga abin ya yi yawa, a Agustan 2025 ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara bakwai.

Akwai wata dama da nake jin takaicin yadda aka yi wasa da ita. A Disambar 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na kowane kwas, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. Wannan kashi talatin ɗin shi ne wurin da jami'a za ta nuna dalilin da ya sa aka kafa ta a inda take. Mai koyar da noma a kusa da kwarin Haɗeja da Jama'are yana da noman rani da ambaliya a ƙofar gida. Mai koyar da tattalin arziki a Kano yana da kasuwar Dawanau, inda hatsi ke fita zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Maiduguri tana da Tafkin Chadi, Sakkwato tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da Ajami da ke jiran masu nazari. A wurinmu, sassa da dama tsofaffin darussan da sabuwar manhaja ta zubar suka kwaso suka cusa a gurbin, don kada wani babba ya rasa darasin da ya saba koyarwa shekara ashirin. Sashe ɗaya ne ya gayyaci tsofaffin ɗalibansa da masu ɗaukarsu aiki, ya tambaye su abin da suka ga ya yi ƙaranci. Amsar ba ta yi wa malaman daɗi ba, amma darussansu ne kaɗai nake iya nuna wa baƙo ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Wasu sauye-sauyen ta ƙofar baya suke shigowa. Da aka sa hannu a dokar bashin ɗalibai a Afrilun 2024, asusun NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayu, sai ga shi ɗalibi ba ya samun bashin sai makarantarsa ta ɗora bayanansa daidai. Ofishin ajiye bayanai, wanda ba a tunawa da shi sai ranar yaye ɗalibai, ya zama shi ke tsakanin ɗan talaka da kuɗin rajistarsa. Haka manhajojin ƙirƙirarriyar basira, tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Ɗalibi yana iya haɗa kundin kammala karatu a dare ɗaya. Maganin da muka gani shi ne a zaunar da shi ya kare aikinsa baki da baki, wannan kuwa lokacin malami yake ci, mun sake komawa kan lissafin malami nawa, ɗalibi nawa.

Sai matsalar mai tsarin. Shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar, kowanne kuma yana so a ce ga nasa. Idan tsari na shugaba ne, ranar da ya miƙa mulki ranar ake kai shi sito. Kamata ya yi ya zama na majalisar gudanarwa da majalisar malamai, wa'adinsa kuma ya tsallaka daga wannan shugaba zuwa mai zuwa. Na san ita ma majalisar gudanarwar ba dutse ba ce, tunda a Yunin 2023 an rushe na jami'o'in tarayya gaba ɗaya, aka yi kusan shekara babu su. Duk da haka, abin da aka zartar a zaure aka rubuta a littafin taro ya fi wuyar binnewa.

A kwamitinmu mun ƙare da manufa huɗu, kowacce da kuɗinta, da ofishin da zai amsa tambaya, da ranar da za a tambaye shi. Muka yi kasafi kala uku: idan kuɗi ya zo yadda ake fata, idan ya ragu, da idan aka rufe makaranta wata shida. Muka kuma rubuta shafin da ya fi kowane jawo mana baƙin jini, na abubuwan da ba za mu yi ba, ciki har da buɗe sabuwar tsangaya kafin a cike giɓin malamai a waɗanda ake da su. Wani dattijon farfesa da ya koyar da ni ya tare ni a bakin masallaci.

"Yanzu kai ne za ka hana garin nan samun tsangayar likitanci?"

Na rusuna na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni wa? Lissafi ne ya hana. Malami ɗaya ga ɗalibi goma, ga asibitin koyarwa. A nuna mana aljihun da za a ciro, gobe in rubuta takardar da hannuna."

Ya daɗe yana kallona, ya ce zai kawo maganar a majalisa. Ya kuwa kawo, aka kwashe awa uku ana kai ruwa rana, aka tsayar cewa za a sake dubawa bayan shekara uku idan sassan kimiyya sun tsaya da ƙafafunsu. Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Iyaye da ɗalibai ma suna da tambayar da za su yi, tun kafin a cike fom ɗin JAMB. Kwas ɗin nan NUC ta amince da shi? Amincewar cikakkiya ce, ko ta wucin gadi mai shekara biyu? Wanda ya karanta kwas da ba a amince da shi ba yana iya gamawa a hana shi zuwa hidimar ƙasa. Tsofaffin ɗalibai masu son taimako kuma, kafin ku gina sabuwar ƙofa mai ɗauke da sunan ajinku, ku nemi a nuna muku tsarin jami'ar da rahoton inda aka kwana. Idan aka ce a dawo gobe ana neman mabuɗin sito, kun samu amsa.

Namu tsarin bai wuce shafi goma sha biyu ba, kuma ba mu kai shi maɗaba'a ba. Duk wata uku ana zama, kowane mai manufa ya zo da shafi ɗaya. A zaman da ya wuce biyu suna tafiya, ɗaya tana ɗingishi, ta huɗu ko motsi ba ta yi ba, domin kuɗin da aka ware mata man janaretar lokacin jarrabawa ya cinye. Ma'ajin jami'a ya ce a cire ta daga tsarin, shugaban tsangayar da abin ya shafa ya ce sai dai a rage awannin wuta a ofisoshin gudanarwa, har da nawa. An ɗage maganar zuwa zama na gaba.