Hitar Wanka da Matsalolin Wutar da Ke Biyo Bayan Sa Ta

Ƙasar kudancin Kano, tun daga Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, tana cikin wuraren da sanyin hunturu ke kamawa sosai daga watan Disamba zuwa Fabrairu, musamman garuruwan da ke bakin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da na gefen dajin Falgore, da na cikin duwatsun Riruwai. Tun da can ana ɗumama ruwan wanka ne a murhu, amma yanzu magidanta da yawa da suka yi sabon gini, da masu masaukin baƙi, suna sa hitar lantarki a banɗaki, kuma sau da yawa ba a yin mako guda sai koke ya taso: ko wutar gidan ta riƙa yankewa, ko ƙwai su dusashe, ko kan famfo ya riƙa jan mutum. Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, a mafi yawan lokuta hitar ba ta zo da cuta ba, asirin wayarin gidan kawai ta tona, domin an yi shi ne saboda ƙwai da fanka da talabijin, ba a yi shi don na'ura mai cin wuta irin wannan ba.

Hitar wanka iri biyu ce. Akwai mai tulu, wadda ke tara ruwa ta ɗumama shi a hankali, kuma ƙarfinta yakan kama daga wat 1,500 zuwa 3,000. Wat kuwa shi ne ma'aunin wutar da na'ura ke ci. Akwai kuma ta nan-take, wadda ke zafafa ruwa yana wucewa zuwa kan shawa, ita kuwa takan kai wat 7,000 zuwa 10,000. Wutar da ake rabawa gidaje a Nijeriya ta bolt 230 ce, kuma idan aka raba wat da bolt sai a sami amfiya, wato yawan wutar da ke gudana a cikin waya. Bisa wannan lissafi, hita mai wat 8,500 tana jan kusan amfiya 37, daidai da ƙwan zamani mai wat 10 guda 850 a kunne lokaci ɗaya, alhali soket na ɗaki an yi shi ne don amfiya 13 kacal. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma biyu, 37 da 13, ya riga ya gane rabin abin da ke faruwa a gidajen da ake kuka.

Matsalar da aka fi kawowa ita ce bireka ta riƙa faɗuwa bayan an yi 'yan mintoci ana wanka. Bireka makunni ce da ke cikin akwatin rarraba wuta, aikinta ta yanke wuta da kanta idan abin da ke bi ta waya ya wuce ƙima, kuma ita ce ta gaji fis na da, wanda siririyar wayarsa ke narkewa. Faɗuwa bayan jinkiri alama ce ta lodi ya yi yawa, galibi saboda an ɗauko wa hitar wuta daga layin soket mai waya murabba'in milimita 2.5, ko ma daga layin ƙwai mai milimita 1.5, maimakon a ja mata nata layin tun daga akwati. Hita ta nan-take tana bukatar waya mai kaurin murabba'in milimita 6 ko 10, gwargwadon ƙarfinta da nisan banɗaki daga akwati, da bireka tata ita kaɗai, da makunni mai yanke waya biyu a wajen banɗaki. Mai tulu kuwa milimita 2.5 kan ishe ta, in dai layin nata ne ba tarayya. A nan ne ake tafka kuskure mafi muni, domin wasu masu gyara, da sun ga bireka tana faɗuwa, sai su cire ta su sa babba, ko su naɗa ƙatuwar waya a gurbin fis, maigida kuwa ya yi murna an huta. Wannan daidai yake da ɗaure bakin karen da ke haushin ɓarawo, domin wayar da ke cikin bango tana nan yadda take, za ta ci gaba da zafi har robarta ta narke, kuma a gidan da ke da silin da katakon rufi, ƙarshen abin gobara ce.

Wani lokaci kaurin waya daidai ne amma ɗaurin ne bai yi ba. Idan ba a matse sukurun da ke riƙe waya sosai ba, wurin yakan yi zafi, kuma duk wanda ya buɗe irin wannan makunni zai tarar farar robarsa ta koma ruwan ƙasa a gefen sukuru ɗaya, jan ƙarfen wayar ya yi baƙi, ga wani ƙauri mai kama da ƙarnin kifi. Haka kuma akwai jabun waya a kasuwa, wadda aka rubuta mata milimita 6 amma ba ta kai ba, ko kuwa alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe. In aka kankare bakinta da wuƙa sai a ga fari a ciki. Hukumar SON, mai kula da ingancin kaya, ta daɗe tana yaƙi da irin wannan, amma mai saye a Sabon Garin Kano ko a shagon gari shi ne mai duba na ƙarshe, kuma arhar waya ba abin murna ba ce.

Idan kuwa bireka tana faɗuwa nan take da an kunna, to waya mai wuta ta haɗu da 'yar'uwarta ko da jikin na'ura, ko dai saboda an yi kuskure wajen haɗin, ko kuma ƙusa ta huda waya lokacin da ake kafa hitar a bango. Wannan ba ya bukatar dogon bayani: a bar ta a kashe, kada a yi ta mayar da ita, a kira ma'aikaci.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne jan da ake ji a kan famfo ko a cikin ruwa, wanda mutane kan raina su ce ai ɗan shokin ne. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, amma jiƙaƙƙen jiki da ke tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti ya zama hanya buɗaɗɗiya, kuma wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba tana iya rikita bugun zuciya. Jan yana nuna abu biyu a lokaci guda: wuta tana yoyo daga cikin hitar, galibi saboda ƙarfen da ke zafafa ruwa ya tsage, ko don an kunna shi tulu ba ruwa, ko don gasarar ruwan rijiyar burtsatse ta lulluɓe shi, sannan kuma wayar ƙasa, wadda masu sana'a ke kira atin, ba ta aiki. Wayar ƙasa ita ce ta uku, mai launin kore da ɗorawa, wadda ke haɗa jikin na'ura da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, don yoyon wuta ya bi ta can maimakon ya bi ta jikin mutum. Gidaje da yawa ba a ja ta ba sam, a wasu kuma an ja ta amma an bar bakinta yana lilo a bayan akwati. Ko inda aka kafa sanda, ƙasar wannan yanki tana da nata hali, domin jan marmara da dutsen Doguwa ba sa karɓar wuta kamar dausayin da ake shinkafa a Tudun Wada, kuma ƙasa takan bushe ƙayau a daidai watannin da ake bukatar ruwan zafi. Saboda haka sanda ita kaɗai ba ta wadatarwa, dole a haɗa da na'urar kama yoyon wuta, wadda ake kira RCD, mai miliamfiya 30, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, ta yanke cikin ƙiftawar ido idan ta ga giɓi. Tana da ɗan maɓallin gwaji a jikinta, wanda ya kamata a riƙa dannawa lokaci-lokaci a ga ko za ta faɗi. Idan ita ce ke faɗuwa bayan an sa hita, to ko dai akwai yoyo na gaske, ko mai haɗin ya sa baƙar waya, wadda wuta ke dawowa ta cikinta, a gurbin da ba nata ba a cikin akwati. Cire na'urar ba gyara ba ne.

Akwai kuma kukan cewa hita tana kunnuwa amma ruwa ba ya zafi, ƙwai kuma suna dusashewa. Sau da yawa laifin ba na cikin gida ba ne, na raunin wuta ne, abin da ake ce wa lo-karan, wanda ya zama ruwan dare a unguwannin da ke ƙarshen dogon layi ko inda gidaje suka yi wa taransfoma yawa. Zafin hita yana raguwa fiye da yadda ƙarfin wuta ke raguwa: in wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, zafin da za a samu bai wuce kashi 61 cikin ɗari ba. Hita ta nan-take kuma ba ta tashi sai ruwa ya zo da ƙarfi, abin da tankin da aka ɗora a kan gajeren ƙarfe ba ya bayarwa. Ƙaramin janareto mai wat ɗari tara da ƙaramar inbata ta sola kuwa ba a ma kawo su cikin lissafi. Idan aka haɗa waɗannan duka, hita mai tulu ta fi dacewa da yawancin gidajen wannan yanki.

Ya kamata a ambaci hitar bokiti, domin ita ce a hannun talaka da ɗaliban makarantun kwana, kuma ba ta da kariyar komai. Ba a sa hannu a ruwa don jin ɗuminsa tana kunne, ba a barin yara kusa da ita, kuma sai an zare ta daga soket kafin a ɗaga ta.

Game da wanda gyara ya rataya a wuyansa, iyakar tana kan mita. Daga turke zuwa mita aikin KEDCO ne, kamfanin da ke raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun da aka sayar da rassan PHCN, tsohon kamfanin wuta na gwamnati, a 2013, kuma shi ake kai wa ƙarar raunin wuta. Daga mita zuwa cikin gida kuwa nauyin maigida ne, sai ya nemi ma'aikaci ƙwararre. Dokar 2015 ta kafa hukumar NEMSA don duba ingancin aikin lantarki da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, kuma maigida yana da damar tambayar wannan shaida. Abin da shi kansa zai iya yi bai wuce ya kashe babban makunni ba, ya lura da wace bireka ce ta faɗi da kuma lokacin da ta faɗi, ko nan take ko bayan jinkiri, ya faɗa wa ma'aikaci. Kafin ya biya kuɗin aiki kuma, sai ya nemi a nuna masa kaurin wayar da aka ja, a auna sandar ƙasa da na'urar awo a gabansa, ba da ɗan sukundireba mai ƙwai ba, a danna maɓallin gwaji, sannan a bar hitar ta yi aiki na wani lokaci a taɓa murfin makunninta da busasshen hannu a ji ko ya ɗauki zafi.