Awon Sandar Tura Bayan An Sake Haɗa Inji

'Yan'uwa, darasinmu na wannan karo a kan wani siririn ƙarfe ne wanda ba kowane bakanike yake kula da awonsa ba, watau sandar tura, wadda masu sana'a ke kira fushrod. Bari mu fara da aikinta. Can ƙasa cikin inji akwai kamshaf mai tozaye. In ya juya, sai tozo ya ɗaga tafet, tafet ya tura sanda, sanda ta ɗaga gindin roka, bakin roka kuwa ya danna bawul ya buɗe. Roka kamar jigon lambu yake, in gefe guda ya tashi ɗayan ya sauka. Amma ku lura, bakin jigo ba ya sauka a miƙe, lanƙwasa yake yi kamar baka. Haka bakin roka yake goga kan bawul, alhali bawul ba shi da hanya sai sama da ƙasa.

Mu ɗauki misali da injin Chevrolet mai silinda 8, wanda aka fara ƙerawa a Amurka cikin 1955. Sandarsa ta asali kamar inci 7.8 ce, rokansa kuwa yana riɓa motsi sau 1.5. Watau in tozo ya ɗaga sanda inci 0.300, bawul zai buɗe inci 0.450. To, wannan tsawo na injin da ba a taɓa ba ne. In an kankare fuskar kan silinda, ko an sa gasket mara kauri, roka ya kusanci kamshaf ke nan, sai tsohuwar sanda ta yi tsawo. In kuwa an wasa kamshaf har jikinsa ya ragu, sai ta gaza. Saboda haka littafi ba zai raba mana gardama ba, sai awo.

Ga yadda za mu yi. Da fari mu sa sandar gwaji, irin mai zare, wadda ake ƙara mata tsawo ko a rage. Mu sa wa bawul sifirin mai laushi, domin kada tafet mai aiki da mai ya lotsa. Mu shafa tawada a kan bawul, mu ɗaura roka sa'ad da tafet yake zaune a bayan tozo. Sa'an nan mu juya inji da hannu sau 2, gama sai kiranshaf ya yi juyi biyu kamshaf ke yin ɗaya. Mu kwance roka, mu dubi inda tawada ta goge.

In layin ya karkata waje, gefen da hayaƙi ke fita, sanda ta yi tsawo. In ya karkata ciki, gefen da iska ke shiga, ta gaza. Abin da muke nema shi ne siririn layi kusa da tsakiya, sirantarsa ma ta fi zamansa tsakiya cif muhimmanci. Layin ya fi siranta sa'ad da roka ya gicciye bawul sosai a rabin buɗewa, watau inci 0.225 a misalinmu. Da mun same shi, sai mu auna sandar gwaji mu nemo irinta. Kada mu tsaya ga bawul ɗaya, mu gwada na shiga da na fita, a kowane ɓangare na inji.

Sai dai akwai injin da rokokinsa ke jere a kan shaf guda, kamar na tsohuwar Volkswagen. A nan tsawon sanda ba ya matsar da layi, mazaunin shaf ake ɗagawa ko a sauke.

Wanda ya ƙi awo, roka zai dinga tura bawul gefe har ya cinye ramin da yake gudu ciki, mai ya zurara cikin silinda, mota ta kama hayaƙi. Daga nan sai a sake kwance injin da mai shi ya riga ya biya kuɗinsa, mutuncin bakanike kuwa ya zube. Sauri ya haifi nawa ke nan. Allah ya ba mu haƙurin awo, amin.