Darasi Na 14: Tafiyar Kuɗin Makaranta Daga Abuja Zuwa Musawa

Jama'a, yau karatunmu a kan kuɗi ne. Kowa a cikinku ya sha ji a rediyo ana cewa gwamnati ta ware kuɗi kaza domin ilmi. A kan ƙara da cewa da wannan kuɗi za a kori talauci daga ƙasa. Wani in ya ji haka sai ya yi murna. Wani kuwa sai ya yi tsaki, ya ce ai an daɗe ana ruwa ƙasa na shanyewa. To, kafin mu yi murna ko mu yi tsaki, ya kamata mu san inda kuɗin nan ya ke fitowa, mu kuma san hanyar da ya ke bi kafin ya iso ƙofar ajin 'ya'yanmu.

Kuɗin Na Wane Ne?

Gwamnati ba ta da gona, ba ta da rumbu. Abin da ke hannunta na jama'a ne.

Dattawan da ke cikin ajin nan sun tuna zamanin En'e. Da kaka ta yi, mai unguwa sai ya bi gida gida ya tara haraji. Ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika baitulmali a Katsina. Fulani kuma su biya jangali a kan shanunsu. Daga cikin wannan kuɗi ne En'e ke gina makarantun elementare, ta biya malamai albashi. A zamanin nan ba mai shakkar ko kuɗin wa aka gina makaranta da shi, don kowa ya san da hannunsa ya miƙa.

A shekarar 1979 Gwamnan Jihar Kaduna, Alhaji Balarabe Musa, ya soke haraji da jangali. Mu kuwa a lokacin muna cikin Jihar Kaduna, sai a 1987 aka ba Katsina jiharta. Tun da mutane suka daina ganin mai unguwa da takardar haraji kamar da, sai da yawa suka ɗauka ba su biyan gwamnati kome. Wannan kuskure ne. Akwai harajin saye, wanda 'yan boko ke kira VAT. An fara karɓarsa a 1994, naira 5 a kan kowace naira 100. A 2020 aka ƙara shi ya koma naira 7 da kwabo 50. Ba a ɗora shi a kan hatsi da doya ba, amma yana cikin kuɗin sabulu, da kwanon rufi, da katin waya. Ran da ka sa kati a wayarka a kasuwar Jikamshi, ran nan ka biya haraji, ko ka sani ko ba ka sani ba. Sauran kuɗin kuma daga man fetur ya ke, da kuɗin fito na kwastan, da harajin kamfanoni. Man fetur kuwa arzikin ƙasa ne, kowane ɗan Nijeriya yana da rabo a ciki.

Kowane wata a kan zauna a Abuja a kasa kuɗin nan. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nata kaso. A ba jihohi 36 nasu, a ba ƙananan hukumomi 774 nasu. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, Musawa ɗaya ce daga ciki. Albashin malaman firamare daga kason ƙaramar hukuma a ke cire shi. Kun ga ashe malamin da ke koya wa ɗanka a Dangani ko Tuge da guminka a ke biyansa.

Abin Da Aka Yi A Baya

Kashe kuɗi a kan ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka kafa Kwalejin Katsina, a 1921. Can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Amma yara kaɗan ne ƙwarai ke shiga, talakan ƙauye kuwa sai dai ya ji labari. Shi ya sa a shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi da Yaƙi da Jahilci, don manya su ma su koyi karatu da rubutu da ɗan lissafi. Ɗaya daga cikin manyan jagororin aikin mutumin Katsina ne, Malam Ahmadu Kumasi. Aka kafa hukuma a Zariya mai suna NORLA, tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna. Jaridar Lardin Katsina sunanta Himma. Ajin nan da ku ke zaune ciki jikan wannan aiki ne.

Amma babban labarin da na ke so ku riƙe shi ne na 1976. A lokacin kuɗin fetur ya cika hannun gwamnati. Janar Yakubu Gowon ya yi alkawari a 1974 cewa kowane yaro zai shiga firamare kyauta. A watan Satumba na 1976, zamanin Janar Obasanjo, aka buɗe ƙofa. Shi ne shirin da a ke kira UPE. An yi tsammanin yara wajen miliyan 2 da dubu 300 za su zo aji ɗaya a ƙasa duka, sai ga wajen miliyan 3. Ɗakuna ba su isa ba, aka zaunar da yara a gindin itace. Malamai ba su isa ba, aka ɗebo samari aka ba su horo na gaggawa aka tura su ƙauyuka. Garuruwa da yawa a ƙasarmu a lokacin suka fara ganin makaranta, wannan kam alheri ne, ba mai musu. Da yawa cikin ma'aikatan da ku ke gani yau, da malaman asibiti, 'yan UPE ne, iyayensu manoma ne kamarku.

To, amma ba a jima ba, wajen 1982, sai farashin fetur ya faɗi. Kuɗi ya yanke. Malamai suka riƙa yin wata da watanni ba albashi, waɗansu suka bar aikin suka koma noma ko tireda. Iska ta yaye kwano, ba a mayar ba. Aka koma karɓar 'yan kuɗi daga hannun iyaye, iyaye kuma suka janye 'ya'yansu. Ku lura da wannan da kyau. Gina aji aikin wata shida ne, riƙe shi kuwa aikin kowace shekara ne. Makaranta kamar gona ta ke, wanda ya yi shuka ya ƙi yin noma da maimai, ciyawa zai girba.

Dokar 2004

A ranar 30 ga Satumba 1999 aka sāke ɗaura ɗamara a Sakkwato, da sabon shiri mai suna UBE. A 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce kowane yaro, mace da namiji, zai yi karatun shekara 9 kyauta, kuma tilas ne: shekara 6 a firamare, shekara 3 a ƙaramar sakandare. Don kada a maimaita abin da ya faru a baya, dokar ta ce cikin kowace naira 100 da ta shiga babban asusun Gwamnatin Tarayya, a keɓe naira 2 domin wannan aiki kaɗai. Hukumar UBEC ke riƙe kuɗin a Abuja. Kowace jiha kuma tana da tata hukumar, SUBEB.

Akwai sharaɗi guda a kan kuɗin gine-gine, ku saurara. Ba a ba jiha nata sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. In za a ba ta naira 100, sai ta fito da naira 100, su zama 200. In ba ta fito da nata ba, na Abuja ya yi ta kwana a can. Ta haka biliyoyin naira suka yi shekaru a ajiye saboda jihohi da dama ba su kawo nasu rabin ba, alhali yara na zaune a ƙasa ba benci.

Kuɗin ma kansa bai kai yadda ya kamata ba. A 2015 ƙasashen duniya suka yi taro a Koriya ta Kudu, suka yarda kowace gwamnati ta riƙa kashe naira 15 zuwa 20 cikin 100 na kasafinta a kan ilmi. Daga 2016 zuwa 2024 Gwamnatin Tarayya ba ta kai ko 10 ba a shekara guda. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa wajen miliyan 20 ba su zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu kuwa a Arewa su ke. Ga kuma rashin tsaro. Ba wanda ya manta da watan Disamba na 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, nan kusa da mu. Allah ya sa aka dawo da su. Amma uban da ke tsoro ba zai tura ɗansa ba, ko da an yi wa ajin fenti sau goma.

Shin Karatu Na Korar Talauci?

A nan sai mu faɗi gaskiya. Takardar shaida ba ta cika rumbu. Kowa ya san saurayin da ya gama sakandare, har da na gaba da ita, yana zaune a bakin tasha ba aiki. Wanda ya ce muku da zarar an gina makaranta talauci ya ƙare, ya yi muku daɗin baki ne. Talauci yana da ƙofofi da yawa: fari, da ciwo, da tsadar taki, da ɓarayin daji. Karatu ba ya sa ruwan sama ya sauko.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, rashin karatu kuwa babbar tsaga ce. Ƙasarmu ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni, shi ya sa aka kafa injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Alal misali, a ce Malam Audu ya kai buhun auduga wurin awo. Sikeli ya nuna kilo 40, mai awo ya ce 35. Audu bai iya karanta lamba ba, sai ya ce to madalla. A ce kilo ɗaya naira 500 ne. An ci masa kilo 5, watau naira 2,500 a buhu guda. In buhu 10 ya kawo, naira 25,000 ke nan ta tafi, ba ɓarawon da ya haura masa katanga. Da ya san lamba, da ya miƙa wuya ya duba da idonsa.

Haka ya ke ga maganin feshi. A jikin kwalba an rubuta yawan da za a zuba a ruwa, da ranar da maganin zai lalace. Wanda bai iya dubawa ba, ko ya ƙona wakensa, ko ya sayi mataccen magani. Haka ya ke ga takardar bashi da a ke sa mutum ya dangwala yatsa a kai. Haka ya ke ga kuɗin da ɗanka ya turo maka ta waya daga Legas, ka miƙa wa wani yaro lambar sirrinka don ba ka iya taɓawa da kanka. Ku kuma mata, wadda ta iya karanta katin asibiti ba ta mance ranar rigakafi, ba ta ba jariri magani fiye da ƙima. Ciwon da aka tare tun da wuri ba ya kai ga sayar da akuya.

Duk wannan amfani sai fa in yaro ya koyi karatun da gaske. Akwai yaron da zai yi shekara 6 yana zuwa da safe yana komowa, a ba shi takarda ya kasa haɗa baƙi da wasali. An kashe kuɗi a kansa, an kuma hana ubansa ɗan taimakon da zai yi masa a gona, riba ba ta fito ta ko'ina ba. Irin wannan ne ke sa iyaye su ce boko ɓata lokaci ne, ni kuwa ba na ganin laifinsu ƙwarai.

Aikin Da Ya Rage Gare Ku

Daga Abuja zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Musawa, daga Musawa zuwa ƙauyenku, hanya ce mai nisa, hannuwa da yawa ke taɓa kuɗin. Ku ba ku iya zuwa Abuja ku duba littafin asusu. Amma ƙarshen hanyar a ƙofar gidanku ya ke, kuna iya tsare shi.

In an zo yin gini, a kan kafa allo mai ɗauke da sunan aikin da na ɗan kwangila. In an gama, sau da yawa a kan rubuta shekarar a jikin bango. Ko da rubutun na Turanci ne, lamba ai duk ɗaya ce, kun kuwa koye ta a ajin nan. In allo ya ce ɗaki 3 aka gina 2, ku tambaya. In bango ya ce bara aka gina, ga shi bana ya tsage, ku tambaya. Makarantu suna da kwamitin kula da makaranta, wanda iyaye maza da mata ke da kujera a ciki tare da hedimasta da shugabannin gari. Wanda aka kira ya je, kada ya ce wannan sha'anin 'yan boko ne. Malami nagari ku girmama shi, ku taimake shi da masauki in baƙo ne, in an riƙe masa albashi ku ɗaga murya tare da shi. Wanda kuwa ke karɓar albashi ba ya zuwa aji, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ku fara yi masa magana da lalama. In bai ji ba, ku rubuta takarda da hannunku zuwa ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi guda a wurin mai unguwa.

Kafin zama na gaba, kowa ya je makarantar da ta fi kusa da gidansa, da fensir da takarda. Ya ƙirga ɗakuna, ya rubuta. Ya ƙirga waɗanda ke da kwano lafiyayye, ya rubuta. Ya gai da hedimasta, ya tambaye shi yara nawa ke cikin rajista, malamai nawa aka turo. Da dare kuma ya kira ɗansa ko 'yarsa, ya buɗe wannan shafi, ya ce a karanta masa layi uku na farko. Ku zo da abin da kuka samu, malaminku zai rubuta a allo, ku raba yawan yara da yawan malamai, ku ga yara nawa ke kan malami guda a garinku.