Layi Ne Ke Karyewa, Ba Kalma Ba

Bara muna gwajin wata manhaja da muka gina don tunatar da makiyaya lokacin rigakafin dabbobi, sai wani dattijo ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, mene ne kuma hanu?" Ko da na duba, ashe kalmar "shanu" ce ta rabu gida biyu, harafin farko a ƙarshen layi, sauran a layin ƙasa. Laifinmu ne. Mun rubuta umarnin da ke ƙirga haruffa 30 ya yanke, ba ruwansa da inda kalma ta ƙare.

'Yan uwana masu gina manhaja, ku daina yanka rubutu da ƙirgen haruffa. Haruffa ba faɗinsu ɗaya ba, fuskar waya ma haka, kuma duk wanda idonsa ya fara rauni yakan ƙara girman rubutun wayarsa, lissafinka ya rushe nan take.

A Hausa abin ya fi ciwo. A tsarin UTF-8, kowanne daga ƙ, ɗ, ɓ da ƴ bayit biyu yake ci, ba ɗaya ba kamar k ko d. Idan bayit kake ƙirgawa, wata rana za ka tsaga harafin a tsakiya, mai karatu ya ga alamar tambaya cikin baƙin tambari a wurin da ƙ ya kamata ya zauna. Wanda kuma ya gaya wa kwamfuta cewa harafi daga a zuwa z ne kawai, ya fitar da masu lanƙwasa daga sahun haruffa, ya mai da alamar da ke cikin "ma'aikata" iyakar kalma. Sai ka ga "ma" a sama, "aikata" a ƙasa. Na sha ganin wannan, kuma kullum yana sosa mini rai, domin mai karatu yakan zaci shi ne bai iya karatu ba.

Alhali an riga an yi mana aikin. Unicode na da ƙa'idar karya layi mai lamba 14, wadda ta fayyace inda aka yarda layi ya karye. Tun Android 6.0 na shekarar 2015 akwai breakStrategy, inda kake zaɓar salon rarraba kalmomi a layuka. A iOS, ka sa numberOfLines ya zama 0 tare da byWordWrapping. A Flutter kuwa, rubutun da ke cikin Row yana bukatar Expanded ko Flexible. In babu, lokacin gwaji za ka ga ratsin rawaya da baƙi, amma a wayar jama'a rubutun zai wuce bakin allo kawai ya ɓace.

Akwai kuma inda ba a son karyewa ko da akwai tazara. "Naira" a sama, "5,000" a ƙasa, na iya rikita mai biyan kuɗi. A nan sai a sa tazarar da ba ta karyewa, U+00A0.

Mun cire umarnin ƙirgen, muka gwada da jimlolin Hausa na gaske masu "'ya'ya" da "ƙanƙara" a ƙaramar waya, rubutu a girmansa na ƙarshe. Da na koma wurin dattijon nan, saƙon ya ci layi biyar maimakon uku. Ya karanta shi a bayyane har ƙarshe, ya tambaye ni ko allurar ta haɗa da tumaki.