Kiwon Kifi a Nijeriya: Matsayinsa da Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Gabatarwa

Ya kai manomi, da kai malamin gona, ku sani kifi shi ne naman da ya fi sauƙin samuwa ga talakan Nijeriya. Kimanin kashi 40 cikin 100 na sinadarin gina jiki da jama'ar ƙasar nan ke samu daga dabbobi, daga kifi yake fitowa. Sai dai abin da ƙasar ke samarwa a shekara bai wuce tan miliyan 1 da 'yan kai ba, alhali ƙiyasin gwamnati ya nuna buƙata ta haura tan miliyan 3. Ana cike wani ɓangare na wannan giɓi da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi da kuɗin ƙasashen waje. Tun da kifin koguna da tafkuna kamar Kainji da Chadi ba zai iya ƙaruwa yadda jama'a ke ƙaruwa ba, kiwo ne babbar mafita.

Tarihi a Taƙaice

Gwamnatin mulkin mallaka ta fara gina gonar kifi ta Panyam, a Jihar Filato ta yanzu, a 1951. A 1968 aka kafa aikin binciken Tafkin Kainji, wanda daga baya ya zama Cibiyar Binciken Kifin Koguna da Tafkuna ta Ƙasa da ke New Bussa. Sana'ar ta bunƙasa sosai bayan shekara ta 2000, sa'ad da ƙyanƙyasar tarwaɗa ta hanyar allura da abinci mai yawo a saman ruwa suka yaɗu. Zuwa 2015 kifin kiwo ya haura tan 300,000, daga nan kuma ya ɗan ja baya. Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, amma a yawan kifin kiwo gaba ɗaya Masar ta yi mata nisa.

Gudummawarsa ga Tattalin Arziki

Kududdufi ɗaya yana ciyar da gidaje da yawa: mai ƙyanƙyasa, mai sarrafa abinci, manomin masara da waken soya, mai haƙa rijiyar burtsatse, direba, dillali, da matan da ke yin banda. A wurare irin su Eriwe da ke Ijebu-Ode a Jihar Ogun, masu kiwo sun taru wuri guda, suna amfana da ruwa ɗaya da kasuwa ɗaya. Wannan tsari abin koyi ne.

Matsalolin da Ke Addabar Sana'ar

1. Tsadar abinci. Abinci yana cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023, farashinsa ya tashi matuƙa, masu kiwo da dama suka rufe kududdufansu.

2. Rashin ingantaccen iri. 'Ya'yan kifin da aka samu daga iyaye 'yan gida ɗaya sukan tsumbure, su ci abinci ba girma.

3. Ambaliya. A 2012 da 2022 ruwa ya kwashe kifin manoma da yawa a bakin kogunan Neja da Binuwai.

4. Kasuwa. Ɗanyen kifi ba ya jira, don haka mai kiwon da abincinsa ya ƙare yakan sayar a farashin da dillali ya yanka.

Shawarwari ga Manomi

Kafin ka zuba iri, yi lissafi. Idan kulawa ta yi kyau, tarwaɗa tana cin abinci kimanin kilo 1.2 kafin ta yi nauyin kilo 1. Ke nan kifi 1,000 zai buƙaci kusan kilo 1,200, wato buhu 80 mai kilo 15, a cikin wata 5 zuwa 6. Idan kuɗinka na buhu 20 ne, zuba kifi 250 kawai. Da ka zuba 1,000 su tsumbure, gara ka fitar da 250 manya.

Sayi iri daga sanannen mai ƙyanƙyasa. Riƙa ware manya daga ƙanana duk bayan mako 2 a watannin farko, domin tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Sauya ruwa da zarar ya fara wari, ka shayar da lambu da wanda ka zubar. Kada ka haƙa kududdufi a hanyar ambaliya. Nemi mai saye tun kafin kifi ya isa kamu, kuma ka koyi yin banda, don kifin da aka busar da kyau yana iya jiran farashi.

Kai kuma malamin gona, taimaka wa manoma su kafa ƙungiya, su sayi abinci a sari, su kuma riƙa rubuta duk abin da suka kashe. Wanda ba ya rubutu ba zai san riba ya ci ko uwar kuɗi ba.

Domin ƙarin bayani, sai a tuntuɓi sashen kula da kifi na ma'aikatar gona ta jiha, ko ofishin malamin gona mafi kusa.