Tafiya da ƙaramin guzuri

1. Tashi daga Landan

A shekarar 1972, wani Bature mai suna Tony Wheeler da matarsa Maureen suna zaune a Landan, babban birnin Ingila. Ba su cika shekara guda da aure ba. Suka ce kafin su zauna wuri ɗaya su kama aiki, sai sun ga duniya tukuna. Niyyarsu su tafi Ostiraliya ta ƙasa da ta ruwa. Hanyar tana da nisa ƙwarai, kuɗinsu kuwa kaɗan ne.

Suka sayi wata tsohuwar mota fam 65. Cikin watan Yuli suka kama hanya. Suka ratsa Turai, suka bi ta Turkiyya da Iran, har suka kai Afganistan. A can suka sayar da motar, har da ƴar riba. Daga nan kowa ya goya jakarsa a baya. Yau motar haya, gobe jirgin ƙasa, jibi babbar motar kaya. Da haka suka wuce Pakistan da Indiya da Nepal da Tailan da Maleziya. Ƙasa ta ƙarshe kafin Ostiraliya ita ce Indunusiya.

2. Ƙasar tsibirai

Indunusiya tana kudu maso gabashin Asiya. Ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce kamar Nijar. Tsibirai ne fiye da 17.000 cikin teku. Daga yamma zuwa gabas ta fi kilomita 5.000. Turawan Holan ne suka mallake ta a da. Ran 17 ga Agusta 1945 ƴan ƙasar suka yi shelar ƴancin kansu. A ƙidayar 2020 an sami mutum fiye da miliyan 270 a cikinta. Fiye da rabinsu suna zaune a tsibiri guda, wato Jawa, inda birnin Jakarta yake. Yawancinsu Musulmi ne. A tsibirin Bali kuwa, masu addinin Hindu sun fi yawa.

Layin ekwata ya ratsa ƙasar. Saboda haka babu hunturu, babu sanyin ɗari. Kullum akwai zafi da gumi. A Jawa da Bali damina tana kamawa wajen Nuwamba, ta ƙare wajen Maris, wato lokacin da ake hunturu da farkon bazara a ƙasar Hausa. Ruwan da ke sauka a Jakarta cikin shekara ya kai wajen milimita 1.800. Na Damagaram wajen 400 ne.

Akwai duwatsu masu aman wuta da yawa, kamar Merapi da Bromo. Tokarsu taki ce mai kyau. Shi ya sa manoman Jawa da Bali suke noman shinkafa har bisa tuddai, gona bisa gona, hawa-hawa kamar matakala. Kusa da garin Yogyakarta akwai Borobudur, wani babban gini na dutse wanda masu addinin Buda suka gina a ƙarni na 9.

3. Yadda ake tattalin guzuri

Baƙo mai kuɗi yakan sauka babban otel, ya ci abincin ƙasarsu, ya yi shatar mota. Matafiya irin su Tony da Maureen ba su iya haka. Dabararsu guda ce: su yi zama irin na mutanen gari.

Wurin kwana. A Indunusiya akwai ƙananan masaukai da ake kira losmen. Sau da yawa gidan iyali ne, mai gida ya ware ɗakuna kaɗan don baƙi. Gado ne da fitila, sai makewayi inda ake wanka da moɗa daga kwatarniyar siminti. Matafiyi yakan duba ɗakin da idonsa, ya ji kuɗin, kafin ya ajiye kaya.

Abinci. A bakin hanya akwai rumfunan abinci, sunansu warung. Nan ma'aikata da ƴan makaranta suke ci. Ana samun nasi goreng, wato soyayyar shinkafa, da sate, wato tsire, da ayaba da gwanda da kwakwa. Kwano guda a otel yana iya sayen kwano da yawa a rumfa.

Abin hawa. Cikin gari akwai becak, keke mai ƙafa uku, da bemo, ƙaramar motar haya. A Jawa akwai jirgin ƙasa tun zamanin Turawan Holan. Tsakanin tsibirai sai jirgin ruwa. Mai tattali yakan yanki tikiti mafi araha. Wani lokaci yakan zaɓi tafiyar dare, don kuɗin ɗaki na wannan dare ya tsira.

Kaya. Duk abin da aka sa cikin jaka, baya ne zai ɗauka cikin zafin rana. Tufafi kaɗan sun isa, a wanke da maraice, a sa da safe. Faspo da kuɗi ba a sa su cikin jaka. A jiki ake ɗaura su, ƙarƙashin riga.

Ciniki. Kuɗin ƙasar rupiya ne. A kasuwa da wajen mai becak ana tayi, ana ragi. Wanda ya koyi ƙidaya da gaisuwa cikin harshen ƙasar ba ya shan tsada kamar wanda bai koya ba.

4. Inda ba a rowa

Akwai wuraren da tattali yake zama hasara. A ƙasa mai zafi da ruwa, sauro yana da yawa, kuma yana kawo masassara. Gidan sauro da magani ba abin yi wa rowa ba ne. Ruwan da ba a tafasa ba yana kawo zawo. Shi ya sa matafiya suka fi son shayi mai zafi da abincin da aka dafa gaban idonsu. Wanda ya ƙi sayen tsabtataccen ruwa yau, gobe zai kai kuɗin ga likita, har da ƙari.

Ladabi ma ba a rage shi. Baƙo yakan sa tufafin da suka rufe jiki, ya ba da abu da hannun dama, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Mai masauki da mai tura becak talakawa ne masu neman abincin iyalinsu. Ciniki daban, danne hakki daban.

5. Mutum biyu

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Miji da mata suna kama ɗaki guda, su raba kuɗinsa. A tasha, ɗaya ya tsare kaya, ɗaya ya bi layin tikiti. In ciwo ya kama ɗaya, ɗayan ya nemo magani. Sukan raba kuɗinsu gida biyu, don in ɓarawo ya sami rabi, rabi ya tsira.

Amma zaman tare dare da rana, ga gajiya, ga yunwa, ga zafi, yana kawo saɓani. Wannan yana son a wuce, wannan yana son a huta. Maganin abin shi ne shawara da ƙaramin littafin lissafi. Kowane dare a rubuta abin da aka kashe, a ga abin da ya rage, a yanke maganar gobe tare.

6. Santi 27

Da Tony da Maureen suka kai Bali, guzurinsu ya kusa ƙarewa. Ga teku tsakaninsu da Ostiraliya. Sai suka sami wuri cikin wani ƙaramin jirgin ruwa wanda iska ke turawa. Suka yi kwana da kwanaki bisa teku, kana suka sauka a Exmouth, wani ƙaramin gari a yammacin Ostiraliya. Daga can suka yi ta roƙon masu mota suna rage masu hanya. A ƙarshen Disamba 1972 suka shiga birnin Sidni. Da suka zazzage aljihu, santi 27 kaɗai suka tarar. Santi 100 ne dolar guda ta Ostiraliya. Da lissafinsu ya kuskure da kwana biyu ko uku, da sun maƙale a hanya, ba abinci, ba kuɗin komawa gida.

Suka nemi aiki a Sidni. Mutane suka dame su da tambaya: ta ina kuka bi, nawa kuka kashe, ina kuka kwana? Sai suka zauna bisa teburin ɗakin girkinsu suka rubuta amsoshin. A 1973 littafin ya fito da sunan Across Asia on the Cheap, ma'ana ratsa Asiya da araha. Bai kai shafi 100 ba. An buga 1.500, suka ƙare nan da nan. A 1974 suka koma Indunusiya da maƙwabtanta bisa babur. A 1975 suka fitar da littafi na biyu. Haka kamfanin Lonely Planet ya samu, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu buga littattafan jagoran matafiya a duniya.

Hanyar da suka bi ta Iran da Afganistan ta toshe wa irin waɗannan matafiya a 1979, saboda juyin juya hali da yaƙi. Bali kuwa ta cika da baƙi. Kuta, wadda ƙauyen masunta ce a da, ta zama gari mai manyan otel. Mutane da yawa sun sami aiki, amma gonakin shinkafa da dama sun koma gine-gine, shara kuma ta ƙaru a bakin teku.

Kalmomi

Guzuri: abinci ko kuɗin da matafiyi ke riƙewa don hanya.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.
Ekwata: layin da aka zana bisa taswira, ya raba duniya arewa da kudu.
Shata: ɗaukar mota gaba ɗaya don mutum shi kaɗai.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe Tony da Maureen suka ratsa bayan sun sayar da motarsu?
2. Don me ba a hunturu a Indunusiya?
3. Mene ne losmen? Mene ne warung?
4. A waɗanne wurare ne tattali yake zama hasara?
5. Wane amfani baƙi suka kawo wa Kuta? Wace ɓarna suka kawo?

Lissafi

Miji da mata suna da jika 90. Kowace rana suna biyan ɗaki jika 2. Kowannensu yana cin abincin jika 1, yana shiga motar jika 1. Kwana nawa kuɗinsu zai kai su? Wani matafiyi shi kaɗai yana da jika 45. Kwana nawa nasa zai kai shi? Daga ina bambancin ya fito?

Aiki

Ku nemi Indunusiya bisa taswirar duniya, ku nuna Jawa da Bali. Ku tambayi wani dattijo a unguwarku wanda ya taɓa doguwar tafiya yadda ya yi tattalin guzurinsa. Ku rubuta labarinsa cikin layi 10.