Motoci Masu Aika Bayani da Harkar Dakon Kaya a Kudancin Kaduna

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa loda citta a Kachia ko Kwoi ko Kafanchan domin a kai masa Legas ya san zullumin da kan biyo bayan tashin mota. Da zarar tirela ta bar tasha, dukiyarsa ta koma hannun direba da hanya, ba shi kuma da wani labari sai wanda direban ya ga damar bayarwa ta waya. Idan aka ce mota ta lalace a Lokoja, haka zai karɓa. Wannan giɓi na rashin sanin halin da kaya ke ciki, shi ne motoci masu aika bayani suka zo su cike, kuma a kansu ne ake gina tsarin sufuri na zamani a ƙasashe da dama.

Darasin da jirgin ƙasa ya bari

Garin Kafanchan ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Ya bunƙasa ne a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da layin dogo na gabas da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurdi ya iso nan, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya kuma ya hau tsaunukan Jos inda ake haƙar kuza. Da yake layin guda ɗaya ne tak, jirgi mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke bi, ƙa'idar aiki ita ce babu jirgin da zai bar tasha sai tashar da ke gaba ta tabbatar ta wayar tangaraho cewa hanya a buɗe take. Saboda haka a kowane lokaci ma'aikata sun san tsakanin waɗanne tashoshi jirgi yake.

Da harkar jirgin ƙasa ta ja da baya, dako ya koma kan titi. Mota ta kawo sauri da damar kai kaya har ƙofar sito, amma wancan tsari na sanin inda abin hawa yake ya ɓace. Abin da na'urorin yau ke yi shi ne maido da shi, ba tare da waya ko ma'aikacin tasha ba.

Yadda abin yake aiki

Mota mai aika bayani ita ce wadda ke ɗauke da na'urar da ke tattara labarin tafiyarta, ta kuma aika shi waje. Na'urar tana sanin inda take ne ta hanyar sauraren taurarin ɗan'adam na tsarin GPS, wanda Amurka ta kammala girka shi a shekarar 1995. Sai ta ji saƙon taurari huɗu aƙalla kafin ta lissafa wurin da motar take. A watan Mayu na shekarar 2000 ne gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon da farar hula ke samu, kuma tun daga nan ne na'urorin kasuwa suka iya nuna wuri da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba.

Taurarin ba sa ganin mota, ba sa kuma kai labari ga kowa. Na'urar ce ke aika bayanin ta layin wayar salula da aka sanya a cikinta, zuwa wata kwamfuta, daga nan mai mota ya duba a wayarsa. Wannan ne ya sa aikin bai yiwu ga talakan ɗan kasuwa a Nijeriya ba sai bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a watan Janairu na 2001, aka kuma fara aiki da shi a watan Agusta na wannan shekara.

Masana sun kasa wannan sadarwa gida uku. Na farko, mota da ofis, wanda shi ne aka bayyana a sama, shi ne kuma ya yaɗu a Nijeriya. Na biyu, mota da mota: kowace na sanar da waɗanda ke kusa da ita inda take da gudunta, wajen sau goma a cikin daƙiƙa ɗaya, a tazarar kimanin mita 300, ta yadda idan wata ta taka birki a bayan kwana, ta baya za ta samu gargaɗi kafin direba ya gani da idonsa. Na uku, mota da kayan hanya, kamar danja da kyamara da shingen biyan kuɗi. Idan aka haɗa ukun, hukuma na iya sanin inda cunkoso yake ta karkatar da motoci, wannan shi ne abin da ake nufi da tsarin sufuri mai aiki da bayanai.

Inda duniya ta kai

Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da tsarin OnStar a 1996, wanda ke haɗa direba da cibiyar agaji. A 1998 Singafo ta fara cajin motoci kuɗin shiga titunan da ke da cunkoso ta hanyar na'ura, ba tare da an tsayar da kowa ba. A Tarayyar Turai, tun daga ranar 31 ga Maris, 2018, doka ta wajabta wa kowane sabon samfurin ƙaramar mota ya zo da na'urar da za ta kira lambar gaggawa ta 112 da kanta idan aka yi mummunan haɗari, ta kuma faɗi wurin da abin ya faru.

Sadarwar mota da mota kuwa ba ta yi saurin da aka zata ba. Amurka ta keɓe mata zangon rediyo na musamman tun 1999, amma da aka shekara fiye da ashirin kamfanonin ƙera motoci ba su yi amfani da shi sosai ba, sai hukumar sadarwar ƙasar ta karɓe fiye da rabinsa a 2020 ta ba masu intanet. Dalilin a fili yake: na'urar ba ta da amfani ga wanda ya saya sai in motocin da ke kewaye da shi su ma suna da ita.

A nahiyar Afirka, misalin da ya fi kusa da bukatar masu dako shi ne na Kenya da Uganda da Ruwanda, waɗanda a 2017 suka haɗa tsarin bin sawun kaya daga tashar jirgin ruwa ta Mombasa. Jami'an kwastan na maƙala hatimi mai na'ura a jikin kwantena, suna bin tafiyarta a kwamfuta har ta isa inda aka nufa.

Abin da ya riga ya shafi mai kaya a nan gida

Matakai biyu na hukuma sun riga sun taɓa aljihun masu motoci. A ranar 1 ga Fabrairu, 2017, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Ita wannan ba ta aika bayani, amma ta saba wa masu motoci da cewa hukuma na da ta-cewa a kan abin da ke maƙale a inji.

Na biyu shi ne tsarin Eto, wanda Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta fara aiki da shi a watan Fabrairu na 2021 domin maganin cunkoson tireloli a Apapa da Tin Can. A ƙarƙashinsa, mota sai ta yi rajista, ta jira a wurin ajiya da aka amince da shi, sa'an nan a kira ta ta na'ura kafin ta doshi tasha. Busasshiyar cittar da ake fitarwa waje daga ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a ta Legas mafi yawanta ke bi. Saboda haka dillalin da ya ɗauki hayar motar da takardunta ba su cika ba, kayansa na iya kwana da kwanaki a bakin tasha alhali jirgin ruwan da aka yi alkawari da shi ya tashi.

Lissafin riba

Amfanin farko ga mai mota shi ne man gas. Misali, a ɗauka cewa tirela na zuwa Legas sau uku a wata, kuma a kowace tafiya lita 30 na salwanta, ko ta hanyar zuƙewa ko ta barin inji yana aiki mota na tsaye. A wata an yi asarar lita 90 ke nan, a shekara lita 1,080. Mai mota na iya ninka wannan da farashin lita a yau, ya kwatanta da kuɗin na'ura mai auna tanki da kuɗin da ake biya na shekara, ya ga ko za ta biya kanta.

Amfani na biyu shi ne lodin dawowa. Motar da ta sauke citta ko masara a Kudu ta dawo wayam, mai kayan farko ne ke biyan kuɗin tafiya biyu. Idan dillalai na iya ganin motocin da ke kusa da su babu kaya, sai a ba su taki ko siminti ko kayan masarufi su juyo da shi, kuɗin dako ya sauka ga kowa. Akwai kuma batun amana. Mai saye a ƙasar waje da banki da kamfanin inshora sun fi sakin jiki da ɗan kasuwar da zai iya nuna musu inda kayansa suke da ranar da suka tashi. Direban kirki ma yana amfana, domin idan aka tsare shi a shingen bincike na awa biyar, na'ura ce shaidarsa a wurin maigida.

Inda gizo ke saƙar

Na'ura ba ta wuce ƙarfin layin da take hawa. A hanyoyin da suka ratsa duwatsu da dazuzzuka, kamar daga Kafanchan zuwa Kagoro da Manchok, ko daga Gidan Waya zuwa Gwantu, sabis kan yi rauni a wasu wurare. A ƙarshen watan Satumba na 2021 ma an katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda dalilan tsaro, ba a maido da su ba sai wajen watanni biyu. Shi ya sa ya kamata mai saye ya tabbatar cewa na'urar na ajiye bayani a cikinta idan babu sabis, ta aika shi daga baya. Layin 5G, wanda aka yi gwanjonsa a watan Disamba na 2021, a manyan birane aka fara girka shi, amma bin sawun mota ba ya bukatarsa, tsohon layi ya wadatar.

Haɗari na biyu shi ne fitar sirri. Bayanin da ke nuna wa mai kaya inda motarsa take, shi ne kuma zai nuna wa ɗan fashi idan ya faɗa hannunsa. A 2015 wasu masu bincike biyu a Amurka, Charlie Miller da Chris Valasek, sun nuna cewa ana iya kutsawa cikin motar Jeep Cherokee daga nesa a sarrafa ta, abin da ya sa kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 domin gyara. A Nijeriya kuma, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara bayanan wani, saboda haka ya dace a sanar da direba a rubuce cewa ana bin sawun motar da yake tuƙawa.

Har ila yau, sanin inda mota take ba ya cike ramin titi, ba ya kuma kawo agaji idan babu wanda zai amsa kira. Lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra da lambar gaggawa ta 112 ya kamata su kasance a hannun direba da na mai lura da na'ura baki ɗaya.

Kafin a kashe kuɗi

Mai son shiga wannan harka ya fara da mota ɗaya, ya gwada ta tsawon kakar citta guda, yana rubuta man da ta sha da kwanakin da ta yi a kowace tafiya, ya kwatanta da 'yar'uwarta da ba ta da na'ura. Ya tambayi mai sayarwa kuɗin da za a riƙa biya kowace shekara bayan kuɗin sakawa, da wanda zai gyara idan ta lalace, da inda yake zaune, domin na'urar da sai an jira injiniya daga Legas ta zama kaya. Ya taƙaita lambar sirri ga mutum ɗaya ko biyu, ya kuma canza ta duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki. Masu mota ɗaya ko biyu, waɗanda su ne suka fi yawa a tashoshin Kafanchan da Zonkwa da Kachia, suna iya haɗuwa ta ƙungiyarsu su yi ciniki a dunƙule, su kuma ɗauki mutum ɗaya da zai riƙa duba motocinsu duka dare da rana.